Rumbun Tsimin Taubashina

Mu na Allah ne, kuma komawa gare Shi ba ta da fashi. Taubashina, ɗan kawuna, dillalin bisashe na kasuwar Urafan, ya riga mu a farkon damina, shuka ta fara fitowa ke nan. Ni ban shiga makarantar lakkwal ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a yi wa maganata kwalliya. Abin da na gani zan faɗa, domin an so a binne mutumin nan sau biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a bakin mutane.

Ciwon bai daɗe ba. Ranar kasuwa labari ya shiga, aka ce turken bisashe ya watse tun kafin azahar ba tare da wani ya ce a tashi ba. Ni daga Kona na taso a kan amalanke, ko da na iso, ƙofar gida ba masaka tsinke. Fulani sun jingine sandunansu a jikin darni. Wani tsohon bafillace, amininsa, an shimfiɗa masa tabarma ya ƙi, ya zauna a kan rairayi yana maimaita magana ɗaya: "To yanzu wa zai tsaya mini?" Ina wucewa na ji wani mahauci yana cewa, "Shekara da shekaru yana rage mini riba, amma albarkacinsa ban taɓa yanka ta sata ba." A cikin gida kuwa na tarar da waɗansu mata daga Maijirgi, ba danginmu ba, ba dangin matarsa ba, suna kuka har da shessheƙa. Ni in na ga kukan bare ya ɗara na dangi, nakan sa ido. Na sa ido, amma a ranar ban gane kome ba.

Ran sadakar uku aka nemi hatsin gumba. Rumbun ci ya kusa kai ƙasa, kamar yadda yake yi kowace shekara a irin wannan lokaci, sai babban ɗansa ya ce a buɗe rumbun tsimi. Tun zamanin kakanmu gidan nan rumbu biyu gare shi. Ɗaya ana ci. Ɗayan kuwa kowace kaka a fid da tsohon hatsi a zuba sabo, a ɗaure masa hula, ba mai taɓa shi sai shekarar yunwa ko ranar da maigida ya faɗi. Ba na maigida ba ne, amana ce a hannunsa. Da shi gidan ke ganin kaka in damina ta yi gardama.

Babban ɗan ya kafa tsani ya hau, ƙannensa suka ɗage hular, ya leƙa. Mu mata muna tsaye da ƙoruka, an riga an wanke turmi. Ya daɗe kansa na ciki, har na ce ko kunama ce ta harbe shi. Da ya ɗago, fuskarsa ta koma kamar toka.

"Gwaggo," ya ce da ni, "babu."

"Mi ne babu?"

"Ko zangarniya ɗaya."

Ya dira ciki, muka ji ƙafarsa ta bugi gindin rumbu, ƙarar wofi. Abin da ya miƙo mana igiyoyin ɗaurin dammuna ne, an kwance su, an naɗe kowace da kyau, an jera su gefe guda. Ɓarawo ba ya naɗe igiya. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san hannun da ke irin naɗin nan. Matar babban ɗan ta aje ƙwaryarta a hankali, kamar mai tsoron ta fashe, ta ja ƴaƴanta ta shige ɗaki. Gumbar ranar da hatsin maƙwabta aka daka ta, a gidan da tun da nake ban taɓa ganin an fita da ƙwarya neman ko tiya ɗaya ba.

Kafin la'asar magana ta fita ƙofar gida, ta zaga gari, ta dawo da ƙafafu. Ashe tsohon ma ya sa kuɗi a waya. Ashe mai duba haƙoran akuya shi ma an yi masa. Da kunnena na ji wata a bakin rijiya tana cewa, "Yana zaune kamar waliyyi, ashe caca yake da abincin jikokinsa." Ƴaƴansa maza suka kasa ɗaga kai a wurin zaman makoki.

Zan zo kan maganar wayar. Bari in fara faɗin ko wane ne shi.

Ni da shi ba mu taɓa gaisawa da daɗi ba, haka taubasantaka take. Yana kirana Jandarma, wai idona ba ya barin kome ya wuce. Ni ina kiransa mai cin la'ada. Kowace Cika-ciki sai mun yi faɗan kuɗin shara, shi ya ce ni zan ba shi, ni in ce shi, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Mutum ne mai taurin kai. Bai iya cewa na yi kuskure ba, sai dai gobe ka ga ya aiko maka da goro. Shayinsa ba ya jin sukari, in ka yi magana ya ce haƙoranka yake tausaya wa. Amma in aka kawo masa bisa, ba ya fara kallon jikinta, mai ita yake kallo. Yakan ce, "Akuya ba ta ƙarya, mai ita ke yi." Sannan ya buɗe bakinta ya ga haƙora, ya ɗaga ƙafa, ya sa a ja ta ta yi tafiya a gabansa.

Rumfarsa tana kan ɗan tudu a gefen turke, ta kara ce, ba ta fi ta kowa kyau ba. Abin da ya sa ake cika ta doka ɗaya ce, wadda ya gada wurin kawuna: abin da aka ƙulla a rumfar dillali, a wuyan dillali yake. Wata shekara wani baƙo ya sayar da saniya a inuwarsa, bayan kasuwa biyu masu ita suka zo daga wajen Mayahi da shaidunsu, ashe ta sata ce. Baƙon ya ɓace. Taubashina bai jira an kai shi gaban hakimi ba, ya kwanto sansa na noma ya ba wanda ya saya, a shekarar nan da hauya ya gama gonarsa. Na ce masa, "Kai ka sace ta?" Ya ce, "Ni na ba ɓarawon inuwa." Tun daga nan, daga Urafan har Tasawa, in mutum ya ce a rumfar Baba dillali na saya, magana ta ƙare.

Akwai kuma wata bazawara da ta zo da ɗan abin da ta samu na gado, ta nace sai wani bajimi baƙi, wai za ta turke shi ta sayar da salla. Bai ce mata a'a ba. Ya kwance igiyar ya sa mata a hannu, ya ce, "Kai shi gindin bagaruwar can ki dawo." Bajimin ya girgiza kai sau ɗaya, sai ga ta zaune a ƙasa, gyale a gefe. Ta tashi tana kakkaɓe zane tana dariya, ta koma gida da tumaki biyu. La'adar bajimi ta fi ta tumaki, ya sani sarai.

To, bayan kakar da ta wuce, ɗan ƙanensa ya dawo daga Maradi. Yaro ne mai ladabi, ya yi karatu, yana da mata da ɗiya ɗaya da moto, wato babur. Ba ɓarawo ba ne, wannan ma zan faɗe ta don Allah. Ya zo da wani sabon abu. Ya ce akwai kasuwa a cikin waya wadda ba ta tashi, ana cinikin zinariya da kuɗin ƙasashe da wani irin kuɗi da ba a riƙe shi a hannu. Ba sayen zinariyar kake ba, cewa kake za ta hau ko za ta sauka. In ka sa kaɗan, masu kasuwar su ara maka ƙarfi ka yi ciniki kamar attajiri, in ta bi inda ka ce, ribar attajiri za ka ci. Abin da bai faɗa da ƙarfi ba, don shi kansa bai ɗauke shi da nauyi ba, in ta juya ko kaɗan, asarar attajiri ce za ta faɗo kan ɗan naka ta haɗiye shi ɗungurungum. Mutane suka sa wa abin suna kiwon waya, wai ka ba da kuɗinka kiwo su haihu.

Ranar kasuwa ya zo ya durƙusa gaban baffansa ya ce, "Baba, duk kasuwar nan a kan tudunka kawai rezon waya ke kamawa da kyau."

"Inuwa ta Allah ce, zauna. Amma buɗe mini bakin abin in ga haƙora."

"Baba, ai ba shi da baki. Zane ne ke hawa yana sauka."

"Abin da ba shi da baki kuma yana ci, ni ban saye."

Ko dala bai sa ba. Amma bai tashe shi ba. Nan ne kuskuren ya shiga, kuma irin namu ne. Mutane sun sayar da wake da gyaɗa, akwai ɗan abu a hannu. Na farko da suka sa sun ga ƙari, har wani ya sayi amalanke. Daga nan layi ya kama. Ba wanda ya tambayi tsohon ko ya tsaya wa abin, don a wurinmu ba a tambaya, inuwa ce amsa. Matan adashen Maijirgi suka kawo kwasarsu gaba ɗaya. Na tare uwar adashen na ce, "Kin san abin da kike saye?" Ta ce, "Inna, a rumfar Baba dillali fa ake yi."

Ranar na aje tasar ƙuli-ƙulina na hau tudun.

"Kai mai cin la'ada, mi yaron nan ke saidawa a rumfarka?"

"Jandarma ta iso. Iska yake saidawa, kuma ga masu saye."

"Ka tashe shi."

"Ɗan ƙanena ne, bai saci na kowa ba. Baligai ne ke kawo kuɗinsu da ƙafarsu."

"In kai ba ka tashe shi, to hukuma ta hana. Ai ba a barin mai maganin ɓera ya shimfiɗa kusa da mai tuwo. Rijiya ma ana gina mata baki."

Ya aje kofin shayinsa. In ya aje kofi, wasa ya ƙare.

"Don yara da makafi ake gina wa rijiya baki. Wa zai zauna cikin buron gwamnati ya ce mu ne yaran? Kin manta zamanin gyaɗa, da aka ce talaka bai san ciniki ba, sai an yanka masa farashi yana kallo? Kowace kasuwa ta buɗe, manyan ƴan kasuwa ne a gaba, sai ta tsufa a ce mu shigo. Yau an sami ƙofar da talaka zai shiga ba sai ya durƙusa wa kowa ba, ke kina kiran a rufe. Ke ba ki binne? Kina zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ba ki ga ko hadari ba. Wa ya taɓa hana ki?"

"Ina binne da irin da na san uwarsa. Kuma rabi nake binnewa, rabi na cikin tulu. Matan nan duka suka juye, alhali ko sunan abin ba su iya faɗa ba. Kai da kanka ba ka hana bazawarar nan bajimi ba?"

"Ban hana ta ba. Igiya na ba ta ta riƙe."

"To wa ya ba waɗannan igiya?"

Ya kira wani mai raguna ya shiga tayi, ya bar ni tsaye. Kasuwa ta zagayo ban taka tudunsa ba, ta sake zagayowa sai ga goro an kawo mini Kona.

Sanyi na fita abin ya faru, rana ɗaya, tsakanin hantsi da azahar. Ina kasuwar. Na hango ɗan ƙanen nan zaune ya zuba wa waya ido, bakinsa a buɗe, gumi na zuba masa alhali ba zafi. Zanen ya juya, shi ke nan. Na matan Maijirgi, da na ɗan tsohon bafillacen da ya sayar da karsana ya sa, da kuɗin moton yaron kansa, da na awakin matarsa, duk sun tafi tare. Ba wanda ya gudu, ba wanda ya fasa akwati. Uwar adashen ta karɓi wayar tana jujjuya ta, ta ce, "Ɗana, nuna mini wanda ya ci, in je in durƙusa masa." Ya ce babu wani mutum. Ta ce, "To ina suka tafi?" Ni na ga fari sun cinye gona, na ga cutar da ta kwashe garke, amma ko kura ta ci akuya tana barin ƙashi. Wannan ko ƙashi babu. Mutane suka tsaya cirko-cirko kewaye da rumfar, ba zagi, ba kuka, kowa na kallon tsohon. Shi kuma yana kallon ƙasa.

Shi ya ce a je Tasawa gaban hukuma. Muka shiga mota, ni da shi da yaron da uwar adashen. Ma'aikacin da muka samu ya ba mu kujera, ya saurare mu har ƙarshe, ya karɓi wayar ya karanta. Ya ce a wurin da yaron ya danna ya yarda, an rubuta da Faransanci cewa mutum na iya rasa duk abin da ya sa. Ya ce masu abin ba a ƙasar nan suke ba, ba shi da wanda zai aika wa sammaci, amma zai kai maganar sama. Uwar adashen ta ce, "Ni ban danna kome ba." Ya ce ya sani, ya ba ta haƙuri.

A hanyar dawowa, da muka kusa sauka, taubashina ya ce:

"Kasuwar da ba ta da dillali ba kasuwa ba ce, daji ce."

"Ai na gaya maka a rufe."

"Har gobe ban ce a rufe ba. Cewa na yi kada a bar wanda ba shi da wuya ya kafa rumfa. Kuma a ba mutum igiya ya riƙe kafin a karɓi kuɗinsa. In bai iya faɗa da bakinsa yadda zai yi asara ba, kada a sayar masa."

"Wanga ai hani ne ka naɗa masa rawani."

Ya yi murmushi kaɗan. Ita ce kusa da amsa laifi da na taɓa ji a bakinsa.

Da rani na ji yana sayar da bisashensa ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi, ya ce tsufa ya zo, ba shi da ƙarfin ban ruwa, yara kuma duk sun tafi cin rani. Zuwana na ƙarshe gidan, da bazara, na lura kaji sun bar gindin rumbun tsimi. Da can nan suke wuni suna tono.

"Ina kajinka?"

"Su ma sun shiga kiwon waya."

Na ce Allah ya shirye ka. Ya raka ni har bakin darni, abin da bai saba ba, ya ce in gaida mutanen Kona. Ban ƙara ganinsa ba sai a naɗe cikin likkafani.

Don haka ranar da muka ga rumbu wofi, da gari ya ɗauka caca ce, na shiga ɗakin takaba na zauna gaban matarsa. Na ce, "Ke kina gidan nan. Dami ba ya tafiya da ƙafarsa."

Ta daɗe tana murza carbi.

"Yaya, ya hana ni faɗa."

"Ya hana ki yana da rai. Yanzu ana cin namansa a bakin rijiya."

Sai ta faɗa. Ranar da muka dawo daga Tasawa bai ci tuwo ba. Da safe ya ce mata an ƙulla a rumfarsa. Ta ce ba shi ya karɓa ba. Ya ce saniyar Mayahi ma ba shi ya sata ba. Ya fara da bisashe, yana bin waɗanda abin ya fi karyawa yana rage musu. Bisashe suka ƙare, mutane ba su ƙare ba. Bazara ta shigo, matan adashen nan ba iri, ba na tuwo, don kwasar ce dama suke sayen hatsi da ita. Sai ya kafa tsani. Tsoho mai ciwon gwiwa, da tsakar rana gari ya yi tsit don zafi, ya hau ya miƙo dami, ita ta karɓa tana kuka. Ya kwance igiya, a sussuka a ba mai rabo cikin buhu, ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba.

"Ya ce da kaka zai mayar, kafin yara su sani. Don haka yake aje igiyoyin."

Na fito daga ɗakin, kuma ba tausayi kaɗai ke cina ba, har da fushi. Mutumin da ya ƙi sa dala a abin da bai ga haƙoransa ba, shi ne ya ɗauki abincin gida guda ya jingina a kan zai kai kaka da rai. Binne ya yi, kuma bai bar rabi a tulu ba. Ya tsare amanar rumfa, ya taɓa amanar rumbu. Da yana nan da na faɗa masa a gaban kowa, da kuma gobe ya aiko da goro.

Amma caca bai yi ba, kuma wannan sunan ba zai bi shi kushewa ba ina numfashi.

Ran sadakar bakwai, maza sun cika ƙofar gida, liman ya gyara zama zai fara addu'a. Mace ba ta fita wurin nan. Na ja mayafi na fita. Babban ɗan ya taso yana cewa, "Gwaggo, don Allah," na ce ya koma ya zauna.

Na ce, "Liman, a gafarce ni. An ce mamacin nan ya kai abincin jikokinsa caca. Ga ku nan duka. Wanda ya san hatsin rumbun can ko kuɗin bisar gidan nan ya shiga gidansa, ya tashi tsaye. In an rantsar da ku, wanda ya rantsar da ku ya tafi, ni na ɗauki nauyin."

Ba wanda ya tashi. Har kukan tattabara ana ji. Na tsaya, na ce a raina ko zuwa azahar ne ina nan.

Tsohon bafillacen ne ya fara dafa sanda ya miƙe. Ya ce, "Karsanar ɗana, shi ya mayar. Na ce ba nasa ba ne, ya ce in na ƙi karɓa kada in ƙara taka rumfarsa." Sai wani mai amalanke ya tashi. Sai wani. Daga bayan darni muryar uwar adashen ta taso, ta ce, "Mu duka. Shukar da ke gonakinmu yanzu irinsa ne." Ɗan ƙanen, wanda tun rasuwar yake raɓe can ƙarshen tabarma ba mai yi masa magana, ya miƙe ya ce, "Ko dala Baba bai taɓa sawa ba. Inuwa kawai na roƙa." Akwai waɗanda suka ci suka ƙi tashi. Na san su, sun san na san su.

Babban ɗan ya bi masu tsayuwar da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya rufe fuska da hannun riga. Sannan liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka rumbu ya cika. Damina ce, ba mai shi. Wannan ta kawo tiya, wancan ya kawo rabin dami da ya ɓoye. Bafillacen ya koro saniya mai tatsa ya ce a riƙe ta har ta yaye, don jikokin. Gidan da ake tuwo dare da rana yanzu sau ɗaya ake ɗora tukunya, kuma in ruwa ya yanke kafin hatsi ya yi ido, ban san abin da za a yi ba. Ƙaramin ɗan har yanzu bai huce da uban ba, kuma ban ce ba shi da gaskiya ba.

Maganar da aka ce za a kai sama, ba mu ji ta sauko ba. An ce a wata kasuwa wani yaro ya sami wata inuwar, layi ya kama. Ni ina kan bakana, a gina wa rijiyar baki. In kuma manya sun fi son ta taubashina, su yi tasa, na yarda, a nemi mai wuya, a ba mutum igiya. Abin da ban yarda ba shi ne a bar mu haka, har ya zama rumbun tsoho ne dokar. Ba kowace kasuwa ke da irinsa ba, kuma tamu ma yanzu ba ta da shi.

Allah ya yi masa inuwa ranar da ba rumfa, yadda ya yi wa mutane. Allah ya yafe masa taurin kai da abin da ya taɓa na amana, ya sa dammunan nan su tare shi a can. Gardamar kuɗin shara kuwa na bar masa.

Jiya na je gidan. Ɗan abin da aka kawo, babban ɗan ya ɗaure shi da igiyoyin uban ya mayar ciki, sauran igiyoyin suna nan a naɗe suna jiran kaka. Ina fitowa na ga kaza ɗaya a gindin rumbu, tana tono.